Aikin fitar da dabbobin da ke addabar gidaje a Makka: amsa ga mai shirin shiga sana'ar

Tambaya: Salamu alaikum Kawu. An yi mini tayin aiki a wani kamfanin mukafaha, wato na yaƙi da ƙwari da ɓeraye, a nan Makka, a ɓangaren masu ɗana tarko da fitar da dabbobi daga gidaje da otal-otal. An ce ka daɗe kana wannan sana'a tsakanin Makka da Jidda da Ɗa'if. Yaya yinin mai wannan aiki yake? Akwai haɗari? Abin da ya fi damuna kuma, ya halatta mutum ya riƙa kama dabbobi yana kashewa a cikin Harami?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sa albarka a nemanka. Aiki ne na halal, kuma mutane na bukatarsa ƙwarai, don haka in kamfanin ya cika sharuɗɗan da zan faɗa maka can gaba, ka karɓa. Sai dai ka gyara tunaninka a kan abu guda tun kafin ka sa kayan aiki: kamun dabbar shi ne ƙaramin ɓangaren sana'ar. Babban aikin shi ne gano abin da ya kawo ta gidan, da ƙofar da ta bi ta shigo. Magabata sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk gidan da aka kira ka, akwai abinci ko ruwa ko maɓuya da aka bar wa dabbar, ko da masu gidan ba su sani ba. In ka kama ta ka tafi ba ka toshe wannan ba, kafin wata ya zagayo wata ta maye gurbinta, mai gida kuma ya ce ka ci kuɗinsa a banza.

Yini yana farawa ne da an idar da Asuba, kuma abin da ake fara yi shi ne zagayen tarkunan da aka ɗana jiya, kafin a amsa wani sabon kira. Ka san zafin garin nan, a bazara yakan wuce digiri 45. Kyanwar da ta shiga keji da tsakar dare, in aka bar ta a saman bene har rana ta take, ƙishi da zafi za su kashe ta cikin 'yan sa'o'i, alhakinta kuma yana wuyan wanda ya ɗana kejin. Saboda haka ba a ɗana keji inda ba inuwa, ba a kuma ɗana shi ranar da aka san gobe ba za a samu dawowa ba, kamar daren Juma'a in kamfanin ba ya fita ranar. Hukumar ƙwadago ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Wannan hakkinka ne, kada wani ya tura ka saman bene a wannan lokaci.

Ɓera shi ne mafi yawan abin da za ka yi fama da shi, don haka bari in tsaya a kansa. Iri uku ne a garuruwan nan. Akwai ƙaramin ɓeran ɗaki mai zama a kicin da bayan firji. Akwai ɓeran sama, siriri mai doguwar jela wadda ta fi jikinsa tsawo, gwanin hawa, shi ne ake jin gudunsa da dare a cikin silin. Sai babban ɓeran kwata, mai kauri da gajeren kunne, wanda ke bin bututun bayan gida da magudanar ruwa. Da wuya ka ga ko ɗaya da idonka ranar farko. Kashinsu ne zai gaya maka da wa kake yi: na ƙaramin bai wuce milimita shida ba, na ɓeran sama ya kai kamar santimita ɗaya da ɗan ɗori mai tsini a baki, na ɓeran kwata ya kusa santimita biyu kuma bakinsa a dunƙule. Ka haska fitila a gindin bango, za ka ga wani baƙin maiƙo da jikinsu ke gogawa a hanyar da suka saba bi. In kana shakka, barbaɗa ɗan garin fulawa da yamma, da safe sawunsu zai nuna maka inda suka fito da inda suka nufa.

Ƙaramin ɓera yana ratsa ramin da bai fi milimita shida zuwa bakwai ba, babba kuma santimita biyu ta ishe shi. Yanzu ka duba gine-ginenmu: ramin da mai haɗa mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ya fasa ya zura bututu ya bar gefensa a buɗe, ratar da ke ƙarƙashin ƙofar mustauda (ɗakin ajiyar kaya), reshen bishiya ko wayar da ta taɓa katanga, murfin bayara (ramin da ƙazantar bayan gida ke taruwa) da ya tsage. Akwai kuma wata ƙofa da sai wanda ya yi aiki a Makka ya san ta. Gine-ginen alhazai na Aziziyya da makamantansu sukan yi watanni a kulle. A ƙarƙashin kowace masai da kowane magudanin wanka akwai lanƙwasar bututu da ruwa ke kwanciya a ciki yana tare wari da ƙwari. In aka daɗe ba a zuba ruwa ba sai ya ƙafe, hanya ta buɗe daga kwata har cikin ɗaki. Shi ya sa makonnin da ke gaban Ramadan da Hajji su ne lokacin da ba ma samun hutu. Nakan roƙi haris, wato mai gadi, na kowane gini ya riƙa zagayawa yana zuba ruwa a masai da magudanai lokaci-lokaci ko da babu kowa, ya kuma rufe murafu. Wanda ya ji wannan shawara ba ya cika kiranmu. Ramuka kuma da ragar ƙarfe da siminti ake toshe su. Kumfar nan ta gwangwani ita kaɗai, ɓera zai gaigaye ta a dare guda.

Shi tarkon ma yana da ladabinsa. Ɓera ba ya son ratsa tsakiyar ɗaki, jikin bango yake bi, don haka ana ajiye tarko a gicciye, bakinsa na kallon bango. Manyan ɓeraye suna tsoron duk wani sabon abu da suka gani a hanyarsu. Sai ka ajiye tarkunan da abinci a kai ba tare da ka ɗana su ba, kwana biyu ko uku, su ci su saki jiki, sannan ka ɗana duka a dare ɗaya. Dabino da markaɗaɗɗiyar gyaɗa sun fi komai aiki a wurina, kuma a ɗaure dabinon da zare don kada ya fizge ya gudu. Kada ka yi rowar tarko. Macen ɓera makonni uku kacal take yi da ciki, tana iya zuba 'ya'ya shida zuwa goma a haihuwa guda, to tarko biyu a mustaudar shinkafa ba za su cim musu ba.

Tarkon gam kuwa ba na son sa, kuma ina fata kai ma ba za ka so shi ba. Dabbar takan kwana tana fizge-fizge har fatarta ta saɓule, wani lokaci ma tsuntsu ko ɗan kyanwa ne ke makalewa. Annabi (SAW) ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Wannan ya haɗa da ɓera. In kamfani ya tilasta amfani da gam a wani wuri, ka duba shi cikin sa'o'i kaɗan, ka gama da abin da ya kama nan take, kada ka jefa shi a shara da ransa. Kada kuma ka yarda wani ya zuba wa dabba fetur ya ƙyasta, domin an hana azabtarwa da wuta.

Masu gida da yawa guba suke so, don suna ganin ta fi sauri. Ba ta fi ba. Gubar ɓera da aka yarda da ita tana hana jini daskarewa ne, sai bayan kwana uku zuwa bakwai ɓeran ke mutuwa, kuma ba ya zaɓar inda zai mutu. In ya mutu a cikin silin, iyali za su yi kwanaki suna shaƙar wari, ƙarshe a fasa silin. Ni ba na sa ta a cikin ɗakunan kwana. A waje nake sa ta, cikin akwati mai makulli da aka kafe a ƙasa, inda yaro ko kyanwa ba za su kai ba. In tsautsayi ya sa yaro ya ci, a ruga asibiti da kwalin a hannu, akwai makarinta, bitamin K1.

Wadda ba ta da makari ita ce ƙwayar fosfin, kuma a kanta nake so ka fi kowa taurin kai. An yi ta ne don rumbunan hatsi da ake rufewa ruf. Da ta sha danshin iska sai ta saki gas mai kisa, gas ɗin kuma yana bin bututun mukayyif da ramukan waya ya shiga gidan maƙwabci. Mutane na saye a ɓoye don kashe kuɗin cizo, su sa a shiƙƙa, wato sashensu na gidan bene, su kulle su yi tafiya, waɗanda ke barci a ɗaya gefen bangon su kwana a ciki. A 2009 wasu yara biyu 'yan ƙasar Denmak sun rasu a Jidda ta wannan hanya, kuma ba su kaɗai ba ne. An haramta amfani da ita a gidajen zama. Duk wanda ya miƙo maka ita ya ce ka sa a gida, ko shugabanka ne, ka ƙi, ko da aikin zai tafi. In ka shiga gini ka ji wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kuma mutanen gidan suna amai da ciwon kai, fitar da kowa waje ka kira lambar gaggawa, 911.

Yanzu ga tambayar da ta fi damunka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa dabbobi biyar masu ɓarna ana kashe su a Harami da wajensa: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo, a wata ruwayar Muslim kuma an ambaci maciji. To ka ga mafi yawan aikinmu yana cikin abin da aka yi izini. Inda ake taka-tsantsan shi ne dabbar farauta, domin ranar buɗe Makka Annabi (SAW) ya ce ba a ko firgita abin farautarta. A aikace, wannan yana nufin tantabara. Sahabbai sun yanke cewa wanda ya kashe tantabarar Harami fansarsa akuya ce ko tunkiya. Saboda haka abin da abokin aikinka zai yi a Jidda ba lallai ka yi shi a unguwannin Makka irin su Misfala ko Jarwal ba, kuma ya kamata ka san iyakokin: Tan'im wajen masallacin A'isha, Shumaisi a hanyar Jidda, da Ji'irana. Madina ma tana da nata haramin, tsakanin dutsen Airu da Sauru.

Yadda nake yi da tantabara a Makka shi ne haƙuri. Sukan yi sheƙa a bayan mukayyif da bakin taga, kashinsu ya toshe magudanin ruwa, ƙananan ƙwarin jikinsu su shigo ɗaki. Ƙwai biyu take yi, ta kwanta a kai kamar kwana 18, 'ya'yan su tashi bayan wata guda ko ɗan fiye. Nakan gaya wa mai gida ya jira su tashi, ranar da sheƙar ta zama fanko mu zo mu wanke mu ɗaura raga, kafin uwar ta sake sabon ƙwai, don ba ta jinkiri. Ba a kama ko ɗaya ba, ba a kashe ba, matsalar kuma ta ƙare. In lamarin ya yi tsanani har ba za a iya jira ba, kamar a kicin ɗin da ake dafa wa jama'a, a tambayi malami kafin a taɓa. Kashin tantabara busasshe kuwa kada ka share shi haka, ƙurarsa na cutar da huhu. Yayyafa ruwa tukuna, ka rufe hanci da takunkumi mai kyau. Kuma ka sani, a ganina wannan aikin raga ya fi kamun maciji haɗari, domin a hawa na shida ake yin sa. Kada ka leƙa waje ba ka ɗaura bel ɗin tsaro a wani abu mai ƙarfi ba.

A Jidda za ka haɗu da wani hankaka da ba irin namu mai farin ƙirji ba, wuyansa toka-toka ne. Asalinsa daga Indiya, jiragen ruwa suka kawo shi garuruwan gaɓar Bahar Maliya. Lokacin da yake da 'ya'ya yakan kai wa mutane sura a ka. Buɗaɗɗiyar shara ce ke riƙe shi a unguwa.

Kiran kyanwa yana da yawa, kuma shi ya fi taɓa zuciya. Kafin ka ɗauke kowace macen kyanwa, duba cikinta. In nonuwanta sun kumbura, tana shayarwa, 'ya'yan na nan kusa, a silin, ko ƙarƙashin tankin ruwa, ko cikin injin motar da aka daɗe ba a tayar ba. In ka tafi da ita ka bar su, ka kashe su da yunwa. Ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. A Muwaɗɗa kuma an ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Sau da yawa za ka tarar rigimar ta mutane ce: wata Hajiya a hawa na ƙasa tana zuba musu abinci a bakin ƙofa don neman lada, maƙwabcinta na sama kuma ya gaji da wari. Kada ka ɗauki ɓangare. Ka gaishe ta da ladabi, ka roƙe ta ta mayar da wurin ciyarwar nesa da matakala, ta riƙa ɗauke ragowar kafin dare don kada ɓera ya gaje shi. Kwashe kyanwoyin unguwa a zubar a bayan gari zalunci ne, kuma ba ya magani, wasu za su zo su cike wurin. Yi musu aikin hana haihuwa a wurin likitan dabbobi ya fi. Karnukan da ke yawo a gefen gari kuwa aikin baladiyya ne, wato hukumar gari, a kira 940. Kada ka taɓa jefa nama mai guba a fili, ba ka san wanda zai ci ba.

Maciji ba kullum ba ne, amma ranar da aka kira ka za ka tarar da gida a hargitse. Yawanci daga istirahohi (gidajen shaƙatawa na bayan gari) da gonaki da sababbin unguwannin da aka yanka a gindin duwatsu ake kira. Da yawan waɗanda muke fitarwa ba su da dafin da ke kisa, ɓera suka biyo. Duk da haka ka ɗauki kowanne a matsayin mai dafi har sai ya shiga bokiti an rufe. Akwai dangin kububuwa a duwatsun Hijaz, dafinta na hana jini daskarewa, mutum zai ga kamar saran bai yi komai ba, bayan sa'o'i jini ya fara fita ta dasashi. Akwai mai ƙaho da ke binne kanta a yashi. Can kudu wajen Asir da Jazan akwai kasa da gamsheƙa. Sannan akwai wani ɗan baƙi siriri mai sheƙi da ke zama a ƙarƙashin ƙasa, wanda ko ƙwararre ba ya riƙe shi a wuya, domin yana fito da haƙori ta gefen baki ya soki yatsa. Saboda shi nake cewa hannu ba ya taɓa maciji sam: doguwar sanda mai ƙugiya, matsewa mai dogon hannu, takalmi mai rufe ƙwauri, da bokiti mai murfi. Wasu masu gida za su kawo maka hadisin Abu Sa'id da ke cikin Muslim, na yi wa macijin gida gargaɗi kwana uku. Malamai sun yi saɓani ko Madina kaɗai ake nufi. In ka fitar da shi da rai ka sake shi nesa da gidaje, ka huta da saɓanin, hankalin kowa kuma ya kwanta.

In an sari wani, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman mai magani. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kira motar asibiti ta 997 ko 911, ko a wuce asibiti kai tsaye. Ana yin maganin dafin macizai da kunamun ƙasar nan a Riyad. Kunama kuwa, baƙa mai kaurin jela da rawaya siririya duk suna da haɗari, musamman ga yara. Ka nemi fitila mai hasken shuɗi irin ta duba kuɗi, da dare jikin kunama yana ƙyalli a ƙarƙashinta. Ka kuma saba da kakkaɓe takalminka kafin ka zura ƙafa.

Sai gwaggon biri. Duk wanda ya hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if, ko ya je Shafa, Baha da Abha, ya gan su a bakin titi, masu hawa Jabalun Nur ma suna cin karo da su. Mutane ne suka koya musu barin dutse, suna tsayar da mota suna jefa musu ayaba da burodi. Yanzu suna buɗe murfin tanki, suna kifar da shara, suna shiga gonakin rumman da inabi. Kamunsu ba aikinka ba ne. Yana hannun Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2019, kuma ta sa tarar riyal 500 a kan mai ciyar da su. Namu shi ne sa wa tanki kwaɗo, ɗaura raga mai ƙarfi a tagogi, da sauya mazubin shara zuwa mai kulluwa. In kana aiki suka kewaye ka, kada ka zura wa babban namijin ido, kada ka shiga tsakaninsa da matansa ko 'ya'ya, kada kuma ka riƙe leda a hannu, don a wurinsu leda abinci ce. Cizon biri, kare, kyanwa ko jemage, ko da ƙarzuna ce, a wanke da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a je asibiti a ranar saboda cutar haukan kare.

Akwai kuma abin da ba a koyarwa a kamfani. Za ka shiga har ɗakin kwanan mutane, ka ja gado, ka buɗe kabad. Yi sallama, ka jira iyali su kimtsa, ka kame idonka, abin da ka gani kuma ya tsaya a wurinka. Mutane da yawa kunya suke ji a ce gidansu da ɓera, wani zai roƙe ka ka ajiye motar kamfani nesa da ƙofarsa. Yi masa hakan. In za ka gaya wa uwar gida cewa buhun shinkafar da ke jingine da bango ko kwanukan da ke kwana ba a wanke ba su ne sanadi, nemi lafazi mai taushi, amma ka faɗa, domin in ba ka faɗa ba aikin bai yiwu ba. Ka kuma riƙe haris da kyau, ya fi mai ginin sanin inda ruwa ke yoyo da wanda ke barin shara a matakala.

Kafin ka sa hannu, ka tabbatar kamfanin yana da lasisi, kuma aikin ya dace da abin da ke rubuce a iƙamarka, wato katin izinin zamanka, kada ka yi wa kowa aiki a bayan fage. Ka tambayi inshorar lafiya, da wanda zai biya in an ji rauni a bakin aiki. Ka ga kayan kariya da idonka: safar hannu mai kauri, takunkumi mai matata, bel ɗin hawa, dogon takalmi. Ka duba cewa kowane magani yana cikin kwalinsa na asali da rubutunsa, ba a gorar ruwa ba. Ka yi allurar tetanus, ka tambayi likita ta rigakafin haukan kare. Sannan ka roƙa a haɗa ka da wani dattijo a aikin na watannin farko, kada a ba ka mota kai kaɗai tun makon farko. In sun ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, ka turo mini saƙo kafin ka ba su amsa. Ka gaida mahaifiyarka.